Haɗarin mota da diyya: abin da dokar CIMA ta ba talaka da abin da ta karɓe masa

Duk ranar kasuwa, motocin da ke fitowa daga ƙauyukan Tagris zuwa Dakoro suna tasowa da kaya fiye da ƙarfinsu: buhunan hatsi da wake a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a bisa. Hanyar rairayi ce, motocin kuwa sun ga shekaru. In tsautsayi ya gitta mota ta kife, abin da ake fara yi kowa ya san shi. Ana kwasar masu rauni zuwa asibitin Dakoro, wanda abin ya tsananta a wuce da shi Maraɗi, wanda kwanansa ya ƙare a yi masa sutura. Abin da ke biyowa baya shi ne jama'a da yawa ba su sani ba: wa zai biya kuɗin magani, wa zai ciyar da marayu, kuma nawa doka ta yanke wa mutumin da ya rasa ƙafa.

Amsar tana cikin wani kundi da ake kira dokar CIMA. Ministocin ƙasashe 14, har da Nijar, suka sa hannu a kan yarjejeniyarta a birnin Yawunde na Kamaru ranar 10 ga watan Yuli 1992, ta kuma fara aiki ranar 15 ga watan Fabrairu 1995. Ita ce ke mulkin sha'anin asiransi, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa inshora, tun daga Dakar har Libreville inda hedkwatar ƙungiyar take. Tun daga wannan rana, darajar raunin ɗan Adam a kan hanyoyinmu ta tashi daga hannun alƙali ta koma cikin jadawali.

Yadda ake yi kamin 1995

A da, wanda mota ta ji wa rauni yana dogara ne da dokar farar hula da muka gada daga Faransa, musamman aya ta 1382 da ta 1384. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya jawo wa wani ɓarna, da hannunsa ko ta hanyar abin da ke ƙarƙashin kulawarsa, sai ya biya ta duka. Alƙali ne ke auna ɓarnar, babu iyakar da aka sa masa. A takarda wannan adalci ne cikakke. A aikace kuwa shari'a tana ɗaukar shekaru, hukuncin wannan kotu ba ya kama da na waccan, kuma mai lauya da sanayya a birni shi ke fita da rabo mai tsoka.

Kamfanonin asiransi su ma sun koka. Cikin shekarun 1980 sashen motoci ya zame musu ramin asara, suka ce diyyar da kotuna ke yankewa ta fi kuɗin da masu motoci ke zubawa, har wasu kamfanonin yankin suka kasa biyan abin da ke kansu. Togo da Kamaru da Kwadibuwa suka fara kafa dokokin ƙayyade diyya a 1989. Dokar CIMA ta ɗauki wannan tafarki ta shimfiɗa shi ga kowa.

Cinikin da aka ƙulla a Yawunde

Abin da aka yi ciniki ne, ko da yake ba a tambayi wanda za a yi cinikin a kansa ba. An ce wa mai rauni: za a sauƙaƙa maka hanya, a biya ka da wuri, amma ba za ka ƙara samun diyyar ɓarnarka duka ba.

Ribar da ya samu ba ƙarama ba ce, kuma masu karatu ya kamata su riƙe ta. Fasinja da mai tafiya a ƙasa ana biyan su diyyar raunin jiki ko da sun yi sakaci, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Mai mota ba zai kuɓuta da cewa ƙaddara ce ko laifin wani ne ba. Iyalin mai mota da na direba, in suna ciki, ana lissafa su kamar kowane fasinja. In direba ba shi da permi, ko an ɗauki mutane ba bisa ƙa'idar tsaro ba, kamfani ba zai fake da wannan ya hana mai rauni haƙƙinsa ba: sai ya biya, sa'annan ya bi mai motar. Wannan aya ta shafi mutanen karkara ƙwarai, su da ba su da abin hawa sai bayan motar kaya. Bugu da ƙari, dokar ta tilasta wa kamfani ya gabatar da tayin diyya da kansa cikin wa'adi, wanda a rubutun farko wata 12 ne daga ranar haɗari, ta kuma ɗora masa tara in ya yi jinkiri.

Yawancin waɗannan an kwaikwayo su daga dokar Badinter ta Faransa, ta 5 ga watan Yuli 1985. Sai dai Faransa ta bar wa alƙalinta ikon biyan ɓarna duka. Mu kuwa an ɗauko sauƙin an haɗa mana shi da rufi. Aya ta 239 ta hana mai rauni kai ƙara kotu sai wa'adin tayi ya cika, kuma ko ya kai, alƙali ba shi da ikon wuce jadawalin.

SMIG ne mudun awo

Kusan kowace diyya a dokar ana auna ta da SMIG, wato albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta yarda a biya ma'aikaci. A 1995 SMIG na Nijar sefa 18.898 ne a wata, kuma shekara guda ke nan da karya darajar sefa a watan Janairu 1994, lokacin da kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Bai motsa ba sai 2006 da ya koma 28.347, sa'annan 30.047 a 2012. Daga baya ya zama jika 42, wato jika 504 a shekara.

Ga yadda awon yake. Raɗaɗin ciwo da lalacewar siffa an kasa su hawa takwas: mafi sauƙi kashi 5 cikin ɗari na SMIG na shekara, mafi tsanani kashi 300. Da SMIG na jika 42, wannan yana nufin daga sefa 25.200 zuwa 1.512.000. Kwanakin jiyya ba a biyan su sai sun wuce takwas. Asarar abin samu ta dindindin ba a duba ta sai likita ya ce nakasa ta kai kashi 50 cikin ɗari. Baƙin cikin nakasa da ladan mai jiyya kuwa sai ta kai kashi 80. Saboda haka manomin da likita ya auna nakasarsa kashi 40, wanda ba ya iya riƙe hauya yini guda, zai karɓi diyyar raunin jikinsa, amma gonar da ya bari ba ta shiga lissafi.

In mutuwa aka yi, jadawalin ya ba matar mamaci kashi 150 cikin ɗari na SMIG na shekara saboda baƙin cikin rashi, wato sefa 340.164 a 1995. Rubutun farko ya ce in matan suna da yawa, abin da za su raba ba zai wuce kashi 300 ba, wanda ke nufin mata huɗu su raba rabon biyu. A 2014 majalisar ministocin CIMA ta ɗaga wasu iyakoki: rufin asarar abin samu ga nakasasshe ya tashi daga ninki 7 na SMIG na shekara zuwa ninki 10, na magada kuwa ya kai ninki 85. Gyara ne na kirki, amma mudun bai sake ba.

Ƙayyade diyya ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, tunda shari'a ta yanke raƙuma ɗari a kan rai. Bambancin shi ne raƙumi yana bin kasuwa, SMIG kuwa yana jiran sa hannun gwamnati. Ko a Amurka an ga irin wannan: jihar Kalifoniya ta sa rufin dala 250.000 a 1975 kan diyyar raɗaɗi a ƙarar kuskuren likita, adadin bai motsa ba sai 2023, bayan tsadar rayuwa ta cinye mafi yawan darajarsa.

Malami da ɗan kasuwa cikin mota guda

A ɗauki misali. Mutum biyu sun shiga mota ɗaya daga Dakoro za su Maraɗi: malamin makaranta da dillalin dabbobi wanda ke juya miliyoyi tsakanin kasuwannin arewa da iyakar Najeriya. Mota ta faɗi, dukansu suka rasu. Iyalin malami za su kawo takardun albashinsa, a lissafa asararsu a kan abin da yake ɗauka. Iyalin dillali za a tambaye su takardun da ya bayyana cinikinsa ga ma'aikatar haraji. In babu, dokar ta ce a ɗauka SMIG yake samu. Mutumin da ke ciyar da gida mai rai ashirin sai a auna shi da jika 42 a wata.

Nan ne cinikin Yawunde ya fi cutar mutanen Tagris da makamantansu. An tsara dokar ne da mai albashi a zuci, alhali manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar nan, arzikinsu yana cikin rumbu da garke da amana, ba cikin takarda ba. Rufin ninki 85, wanda da SMIG na jika 42 ya haura sefa miliyan 42, ba zai taɓa shafar su ba, domin ko kusa da shi ba za a kai su ba.

Dutsen takardu

Ko wannan kaɗan ɗin ma ba ya samuwa sai da takardu. Na farko shi ne rahoton jandarma, wanda doka ta ce a aika wa kamfanin asiransi cikin wata uku. In aka sasanta a bakin hanya, aka janye mota kamin jandarma su zo, an rushe tushen ƙarar tun ba a fara ba. Sa'annan a kawo takardar likita ta farko da ta ƙarshe, da resin kowane magani. Wanda aka kai wa mai ɗori a gida, kamar yadda aka saba a karkara, ba shi da abin nunawa. In mutuwa ce, ana neman takardar mutuwa, da hukuncin kotu da ya bayyana magada, da takardun haihuwar ƴaƴa, da shaidar aure. Auren da aka ɗaura a zaure gaban liman da shaidu halal ne a wurin Allah da jama'a, amma sai an bi ta gidan magajin gari ko kotun Dakoro kamin kamfani ya san da shi.

Kowace takarda tafiya ce, kowace tafiya kuɗin mota ne da kwana a gari. Ofisoshin kamfanoni suna birane, kuma manyan shawarwari a Yamai ake yanke su. Da yawa sukan gaji su bari. Wasu kuma tun farko sukan ce sun yafe, don kunya ko don kada a ce sun ci kuɗin jini. Yafiya abu ne mai kyau, sai dai a nan wanda ake yafe wa ba direba ba ne, kamfani ne da ya riga ya karɓi kuɗinsa domin irin wannan rana. Marayu kuwa ba a tambaye su ba.

Akwai wa'adi biyu da ya kamata kowa ya haddace. Wanda ya sa hannu a kan sulhu da kamfani, sa'annan ya gane an saɓa wa doka a lissafin, yana da kwana 15 ya warware ta wasiƙa mai rajista. Wanda kuma ya bari shekara 5 suka wuce daga ranar haɗari, haƙƙinsa ya faɗi. Sulhun da ya shafi rabon ƙananan yara ba ya tabbata sai da amincewar alƙali ko majalisar dangi da doka ta sani.

Saura motar da ba ta da asiransi sam, da direban da ya buge mutum ya gudu. Domin su ne dokar ta tanadi a kafa asusun lamuni a kowace ƙasa, kuma Senegal ta kafa nata tun shekarun 1990. Irin wannan asusu ba ya amfanar mutumin ƙauye sai yana da kuɗi a ciki da ƙofar da talaka ya san inda take.

Abin da ke hannunmu da abin da ke hannun hukuma

Ga ƴan kasuwa, patanti da takardar haraji da ake gani kamar nauyi, su ne shaidar da za ta tsaya wa iyali ranar da mai gida ba ya nan. Mai mota kuma ya sani tun gyaran 2011 asiransin da ba a biya kuɗinsa ba ba ya aiki. Ga ma'aikata, musamman na lafiya da na magajin gari da jandarma, kowace takarda da aka rubuta da kyau kuma a kan lokaci tana iya zama abincin shekara ga wani gida.

Hukuma kuwa tana da aiki uku a gabanta. Ta riƙa duba SMIG a kai a kai, tana sane da cewa ba ma'aikata kaɗai yake shafa ba, har da duk wanda mota ta nakasa. Ta nemi abokanta na CIMA su yarda da wasu hanyoyin tabbatar da abin samu, kamar takardun kasuwar dabbobi da na ƙungiyoyin manoma. Ta kuma sa a fassara wannan jadawali da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta shi a gidajen rediyon karkara, a manna shi a tashoshin mota. Kamfanoni sun karɓi rabonsu na cinikin tun 1995, domin rufin yana aiki a kowace ƙara. Biya da wuri da aka yi wa talaka alkawari shi ne har yanzu bai iso Tagris ba.