Therese Giehse: 'Yar Wasan Jamus da Darasin Dajin Birnin Gwari

An haifi Therese Giehse a birnin Munik na ƙasar Jamus a shekarar 1898, iyayenta Yahudawa ne. Tun tana budurwa ta shiga sana'ar wasan kwaikwayo na dandamali, ta kuwa yi suna wajen fitowa a matsayin tsofaffin mata tun shekarunta ba su kai ba.

A farkon 1933 ita da Erika Mann suka kafa ƙungiyar wasannin barkwanci masu yi wa 'yan Nazi zambo. Da mulkin Hitila ya kafu, sai zama ya gagara, ta yi hijira zuwa Zurik ta ƙasar Suwizalan a wannan shekara.

A can ne, a 1941, ta zama mace ta farko da ta fito a matsayin Anna Fierling cikin wasan Bertolt Brecht mai suna Mutter Courage, watau Uwa Jaruma. Labarin wata 'yar kasuwa ce mai jan amalanke tana bin rundunoni da kayan sayarwa a zamanin Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648. Yaƙin da take ci da shi, shi ne ya cinye 'ya'yanta uku. Da aka kama ɗanta na biyu, tsayawa ta yi cinikin kuɗin da za a ba da a sake shi, kafin ta sallama an harbe shi.

Gwanintar Giehse ta sa 'yan kallo suka tausaya wa wannan uwa ƙwarai. Brecht kuwa bai so haka ba, domin nufinsa mai kallo ya yi nazari, ya gane cewa talaka ba ya cin ribar yaƙi. Saboda haka ya yi wa wasan gyara, a 1950 kuma shi da kansa ya shirya shi a Munik, Giehse ta sake fitowa. Ta rasu a Munik a 1975.

To, wannan saɓani bai tsaya a Jamus ba. Tun cikin shekarun 2010 'yan bindiga suka addabi ƙasar Birnin Gwari daga dajin Kamuku, suna tare hanyar Kaduna, suna sace mutane don kuɗin fansa. Iyaye sun sayar da gonaki domin karɓo 'ya'yansu, wasu mutane kuma sun sami abin masarufi ta hanyar kai wa ɓarayin abinci da man fetur.

Duk ɗalibin da ya yi niyyar ɗora wannan al'amari bisa dandamali da harshen Hausa, tambayar da ta fuskanci Giehse na jiransa. Idan 'yar wasa ta sa jama'a kuka kawai, za su tashi ba su tambayi wanda ke cin moriyar dajin ba. Idan kuma ta hana su tausayi ɗungum, ta zalunci uwar da aka kashe wa ɗa. Giehse ta shiga wannan matsayi a Zurik, sannan a Munik, shekara tara tsakani, tana neman inda biyun za su haɗu.