Ko Kun Sani? Inda Shanu Ke Hawa Dutse Cikin Hunturu

Makiyayan ƙasar Suwizalan kan hau tsauni da shanunsu lokacin zafi, su sauko kafin sanyi ya kankama. Manoman Burren, a gundumar Clare da ke yammacin ƙasar Ireland, akasin haka suke yi: wajen ƙarshen Oktoba ake kora shanu sama, su yi hunturunsu a can.

Burren shimfiɗaɗɗen fako ne na dutsen farar ƙasa, duk ya tsattsage. Kallon farko sai ka rantse ko akuya ba za ta ƙoshi a wurin ba. Amma dutsen kan sha rana ya riƙe ɗumi, ruwan sama kuma ya zurare ta tsagogin, saboda haka dabba na samun busasshen makwanci lokacin da kwari ya caɓe. Shanun su cinye tsohuwar ciyawa, sai furanni su sami sararin fitowa. A nan ne ake ganin furen yankin ƙanƙara da na gaɓar Bahar Rum suna tsirowa gefe da gefe.

A tsakiyar fakon akwai kabarin dutse na Poulnabrone, wanda ya haura shekara 5,000. Tonon da aka fara a 1986 ya fito da ƙasusuwan mutum fiye da 30. Yawancin baƙi masu zuwa yankin dai gaɓar tekun Moher da ke kusa suke nufa, inda dutse ya miƙe mita 214 a kan Tekun Atilantika.