Surame: birnin dutse na Kanta da Adar ta taɓa yi wa biyayya

Mutanen Bangi, Madawa, Buza da Keita sun saba jin sunan Kanta a bakin tsofaffi da makaɗa, amma kaɗan ne suka san cewa kufan birninsa yana nan har yau, cikin daji, yamma da Sakkwato a Najeriya. Sunansa Surame, kuma tarihinsa ya shafi jihar Tawa kai tsaye.

Muhammadu Kanta jarumi ne da ya yi yaƙi ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songai. Bayan yaƙin da suka kai Agadas wajen 1515, sai suka saɓa kan rabon ganima. Kanta ya yi tawaye, rundunar Songai ta kasa karya shi, daga nan ya kafa daular Kabi, ya mai da Surame babban birninta. A zamanin ƙarfin Kabi, ikonta ya kai har ƙasar Adar.

Abin da ya bambanta Surame da birane irin su Kano da Katsina shi ne kayan gini. Ganuwar waɗancan ta ƙasa ce, ita kuwa ta Surame da duwatsu da marmara aka tayar da ita, ana haɗa su da laka. Kuma ganuwar ba ɗaya ba ce: an jera su zobe bayan zobe, da ƙofofi, ta yadda maharin da ya keta ta waje zai tarar da wata a gabansa. Fadar Kanta tana ciki, da nata shingen. Faɗin wurin ya kai kusan murabba'in kilomita 9.

Irin wannan aiki sai da hannaye da yawa. Masu ba da tarihin baka na cewa Kanta ya ɗora wa ƙasashen da ke bin sa aikin ginin, kowace da nata rabon. Har ana cewa Nufawa sun makara, sai aka hukunta su da kwaɓa laka da man kaɗanya maimakon ruwa. Wani labarin kuma ya ce da rundunar Borno ta kewaye birnin, an jera gawarwakin mayaƙa a kan ganuwa, bakinsu a tsage kamar masu dariya, har maharan suka zaci birnin cike yake da dakaru, suka janye. Ko yaya gaskiyar waɗannan labarai take, suna nuna yadda ake tsoron Kanta.

Sai dai ganuwa ba ta riƙe daula ita kaɗai. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi, ya ƙwace Adar daga hannunsu. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Ilela. Da ƙasashen da ke biyan gandu suka yi ta zamewa, Surame ta rasa abin da ke ciyar da ita. Wajen 1700 sarakunan Kabi suka bar ta, suka koma Birnin Kabi. Shi ma mayaƙan jihadi suka ci shi a 1805, daga baya jikokin Kanta suka zauna Argungu, inda gidan tarihin garin ke ɗauke da sunansa.

Najeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da ƙasar ta gabatar wa UNESCO. Masanin tarihi Djibo Hamani ya rubuta littafi kan Adar kafin zuwan Turawa, amma da Faransanci ne. Yaran makarantunmu kuwa suna koyon tarihin da ya tsaya a bakin iyaka, alhali Surame ta girmi iyakar da kusan shekara 400. Duk wanda ke son fahimtar yadda sarautar Adar ta samo asali, dole ya san birnin da aka ƙwato ta daga hannunsa.