Zaɓen Zakara a Kiwon Kajin Gida

Da wuya a shiga gidan Bahaushe a karkara ba a tarar da akurki a bayan ɗaki ko gindin rumbu ba. Galibi kajin na mata ne da yara, su ne kuma jarinsu na kurkusa: in baƙo ya sauka a yanka ɗaya, in buƙata ta taso a kai ɗaya kasuwa. Sai dai a cikin wannan kiwo babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar zakara, alhali kuwa rabin jinin kowane ɗan tsako daga gare shi yake.

Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu. Amfanin zakara shi ne ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa, domin kuwa ƙwan da bai sami barbara ba, ko kaza ta cika kwana 21 tana kwanci a kansa, baragurbi zai zama. Barbara ɗaya takan wadaci kaza har wajen mako 2, saboda haka zakara guda mai ƙoshin lafiya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In zakaru suka yi yawa sai faɗa ya kaure, su tsattsage wa juna zanko, su tuje wa kajin gashin baya, har kaza ta tsorata ta rage ƙwai. Ga kuma asarar tsaba da dusa a kan bakin da ba ya ƙara kome.

Babban kuskuren yana wajen zaɓe. Idan Salla ta gabato, ko suna ya kama, hannu yakan tafi ne kan zakaran da ya fi girma da ƙiba, tun da shi ne mai tsoka, shi ne mai kuɗi a kasuwa. Wanda ya rage a tsakar gida sai ƙanƙanen nan da ba wanda ya taya. To, shi ne zai zama uban 'yan tsakin baɗi. In aka yi haka shekara da shekaru, sai a ga kajin gidan suna ƙanƙancewa, mai su kuwa ta ɗora laifin a kan rashin sa'a ko bakin maƙwabta. Abin da ya kamata shi ne, tun zakaru suna wata 5 ko 6, watau lokacin da suka fara cara, a keɓe wanda ya fi saurin girma, mai faɗin ƙirji da jan zanko da miƙaƙƙun ƙafafu, a haramta masa wuƙa. Sauran su ne na tukunya. Akan kuma so wanda in ya tono abinci sai ya kira kaji, in ya hango shirwa ya yi kururuwa.

Sa'an nan bai kyautu zakara ya daɗe har ya riƙa hawan 'ya'yansa da jikokinsa ba, don hakan yana rage ƙyanƙyasa, yana kawo raunanan tsaki. Bayan shekara 1 ko 2 sai a musanya shi da na wani gida mai nisa. Amma baƙon zakara, musamman na kasuwa a lokacin hunturu da annobar kaji ke yawo, sai a tsare shi shi kaɗai na mako 2 kafin a sake shi cikin sauran.