Hutu a Santambul: Dalilin da ya sa zaɓen unguwa ke gaba da zaɓen otal

Duk wanda ya buɗe wayarsa ya nemi masauki a Istanbul, birnin da Hausawa suka daɗe suna kira Santambul, zai ga otal-otal birjik, kowanne da hoton gado mai laushi da teburin karin kumallo. Nisa kuwa ba ya fitowa a hoto.

Birnin yana da mutum fiye da miliyan 15 da gundumomi 39, guda 25 a nahiyar Turai, 14 a nahiyar Asiya. Otal ɗin da ke gundumar Beylikduzu, can yamma, yana cikin Istanbul kamar yadda na kusa da masallacin Sultan Ahmed yake, amma tsakaninsu akwai fiye da kilomita 30. Iyalin da suka kama ɗaki a can saboda sauƙin kuɗi za su iya ɓata sa'a uku a hanya kullum, zuwa da dawowa. A hutun kwana biyar, wannan ya fi yini guda cur. Araha dai ba ta ado.

Shi ya sa abin da ya kamata matafiyi ya fara yi shi ne ya rubuta wuraren da yake son zuwa, ya duba su a taswira, ya ga inda suka fi taruwa, sannan ya nemi otal a wannan unguwar.

Yadda ruwa ya raba birnin

Mashigin Bosforus, mai tsawon kusan kilomita 30, shi ya raba ɓangaren Turai da na Asiya. Shi kuma ɓangaren Turai, wani reshen teku da Turkawa ke kira Halic ya sake raba shi biyu: tsohon birni a kudu, wato gundumar Fatih, da unguwannin Galata da Taksim da Sisli a arewa.

Titunan Istanbul sun yi ƙaurin suna wajen cunkoso, musamman da safe da yamma, kuma gadoji ne suka fi cushewa. Mazauna birnin sun fi dogara ga jiragen ƙasa da na ruwa. Layuka uku ne suka fi amfani ga baƙo. Na farko tiram mai lamba T1, jirgin da ke bin kan titi, wanda ya ratsa Karakoy, Eminonu, Sirkeci, Sultanahmet, Beyazit, Laleli da Aksaray. Na biyu jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba M2, daga Yenikapi zuwa Taksim, Osmanbey, Sisli da Levent. Na uku Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, yana bi ta ƙarƙashin teku ya haɗa nahiyoyin biyu. Kati ɗaya mai suna Istanbulkart ake amfani da shi a dukkansu, har da bas da jirgin fito.

Otal ɗin da bai wuce tafiyar minti goma a ƙafa daga tashar ɗaya daga cikin layukan nan ba ya rage wa matafiyi rabin wahala.

Sultanahmet da Sirkeci: ga mai zuwan farko

A nan tarihin yake. Aya Sofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan ta koma masallaci a 2020. Tana fuskantar masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, wanda aka gina a farkon ƙarni na 17. A bayanta kuma fadar Topkapi take, inda ake ajiye kayayyakin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. Hukumar UNESCO ta saka wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya tun 1985.

Wanda ya sauka a nan zai iya yin sallar asuba a manyan masallatan nan ya dawo ɗaki da ƙafa, ya kuma riga ayarin 'yan yawon buɗe ido isa ƙofar fada. Daga Eminonu akwai tiram mai lamba T5 da ke bin gefen Halic zuwa Eyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake.

Sai dai unguwar tana da nata tsadar. Gidajen abincin da ke kewaye da dandalin na baƙi ne, farashinsu ma na baƙi ne. Da yawa daga cikin otal-otal ɗin tsofaffin gidaje ne da aka gyara, ɗakunansu ƙanana, wasu kuma ba su da lifta. Waɗanda ke gangaren da ya nufi tekun Marmara suna buƙatar hawan tudu kowace safiya. Sirkeci, wadda ke ƙasa kusa da ruwa, ta fi shimfiɗa, ga tiram, ga Marmaray, ga tashar jirgin fito a kusa. Ga iyalin da ke tare da dattijo ko ƙananan yara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Laleli da Aksaray: ga mai haɗa hutu da sari

Fatake daga Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka sun san Laleli. Unguwa ce ta shagunan sarin tufafi da takalma da jakunkuna, da kamfanonin aika kaya ƙasashen waje. Otal-otal ɗinta sun saba da baƙon da ke shigowa da ƙunshin kaya, kuma sau da yawa sun fi na Sultanahmet sauƙi, alhali tashoshin tiram biyu zuwa uku ne kawai tsakani. Babbar kasuwar nan mai rufi, Kapali Carsi, mai shaguna kusan 4,000, tana kusa, haka ma masallacin Sulaimaniyya da Mimar Sinan ya kammala a 1557. Daga Aksaray jirgin M1 yana zuwa Merter, wata cibiyar sarin tufafin.

Amma unguwar kasuwa ce. Da rana amalanke da motocin kaya ne ke cike lunguna, da dare kuma idan shaguna sun rufe, wasu lungunan Aksaray da Kumkapi ba wuraren da magidanci zai so ya bi da iyalinsa ba ne. Wanda ya zaɓi nan, gara ya nemi otal a kan babban titi ko dab da tashar tiram.

Taksim da Galata da Sisli: ga mai son sabon birni

Titin Istiklal, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, ya taso daga dandalin Taksim ya nufi wajen hasumiyar Galata, wadda 'yan Jenowa suka gina a 1348. Shaguna da gidajen abinci a nan suna kai wa tsakar dare a buɗe. Ga matasa da masu son sayayya, wuri ne mai daɗi.

Abu biyu ne abin lura. Lungunan da suka fita daga Istiklal cike suke da mashaya da gidajen kiɗa, wanda tagarsa ke kallon irin wannan lungu ba zai yi barci da wuri ba. Na biyu, kalmar Taksim a sunan otal ba ta nufin yana kan dandalin. Wasu suna can ƙasan tudu a Tarlabasi, tsohuwar unguwar marasa ƙarfi da ke ƙetaren babban titi, wasu kuma sai an hau matakala mai yawa kafin a kai su. Taswira tana nuna nisa amma ba ta nuna tudu, don haka yana da kyau a duba hotunan titin da kansa.

Gaba kaɗan a kan layin M2 akwai Osmanbey da Sisli, inda ake samun sababbin otal-otal masu faɗin ɗaki, da manyan kantuna da asibitoci masu zaman kansu. Wanda ya haɗa hutu da ganin likita, adireshin asibitin ne ya kamata ya zama ma'auninsa.

Uskudar da Kadikoy: ga mai neman natsuwa

Baƙi kaɗan ne ke kwana a ɓangaren Asiya, kuma wannan shi ne amfaninsa: abinci da shayi a farashin 'yan gari. Uskudar unguwa ce mai masallatai da yawa da rayuwar iyali, a kan tudun da ke bayanta kuma masallacin Camlica yake, wanda aka buɗe a 2019, mafi girma a Turkiyya. Daga Uskudar zuwa Sirkeci a Marmaray tafiyar minti huɗu ce. Kadikoy ta fi hada-hada, ga kasuwar kifi da kayan marmari, kuma jirgin fito yana kai mutum Eminonu cikin kamar minti 20, tafiyar da ita kanta yawon buɗe ido ce.

Matsalar ita ce kullum sai an ƙetare ruwa, kuma hazo ko iska mai ƙarfi kan sa a dakatar da jiragen fito a lokacin sanyi.

A duba filin jirgin da za a sauka

Istanbul tana da manyan filayen jirgin sama biyu, kuma suna nesa da juna. Babban filin, wanda ya fara aiki gadan-gadan a 2019, yana arewa maso yamma a ɓangaren Turai, kimanin kilomita 40 daga tsakiyar gari. A nan jiragen Turkish Airlines daga Abuja da Legas ke sauka. Layin M11 ya haɗa shi da Gayrettepe, inda ake sauyawa zuwa M2, akwai kuma bas-bas na Havaist zuwa Taksim da Aksaray. Ɗaya filin, Sabiha Gokcen, yana can gabas a ɓangaren Asiya, kuma layin M4 ya haɗa shi da Kadikoy kai-tsaye.

Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu. Yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu na rana. Wanda jirginsa zai sauka da asuba ya kamata ya tambaya tun da wuri ko za a ba shi ɗaki da safe, ko aƙalla a ajiye masa kaya, in ba haka ba zai wuni a falon otal da yara masu jin barci.

Tambayoyin da za a yi kafin a biya

Bayan an tsayar da unguwa, sai a koma kan otal ɗin. Yawan taurari ba ya faɗin komai game da hayaniya ko tsafta. Sharhin waɗanda suka kwana cikin watannin baya-bayan nan ya fi amfani, musamman ƙorafin da ya maimaitu a bakin mutane daban-daban.

A tambayi faɗin ɗaki da yawan gadaje, domin ɗakin da aka ce na mutum uku wani lokaci na mutum biyu ne da aka cusa wa ƙaramin gado. A tambaya ko akwai lifta, da hawan da ɗakin yake, domin wasu ɗakuna masu araha a ƙarƙashin ƙasa suke, babu taga. A watannin Yuli da Agusta ana zafi mai gumi, sai da na'urar sanyaya ɗaki. Daga Disamba zuwa Maris kuma sanyi ne da ruwan sama, wani lokaci har da ƙanƙara, wanda ya wuce sanyin hunturun da aka sani a Kano ko Damagaram.

Karin kumallon Turkawa burodi ne da cuku da zaitun da tumatir da kokwamba da ƙwai da shayi. Wanda bai saba ba zai iya kama ɗaki ba tare da shi ba, ya ci a waje. Wani sauƙi ga Musulmi shi ne kusan kowane bayan gida a Turkiyya yana da ƙaramin famfon tsarki a jikinsa.

Sai batun tsaron rai. Istanbul tana kusa da tsagin ƙasa da ke haddasa girgiza a ƙarƙashin tekun Marmara. Girgizar ƙasar Izmit ta 1999 ta kashe fiye da mutum 17,000, kuma a watan Afrilun 2025 wata mai ƙarfin maki 6.2 ta jijjiga birnin. An tsaurara dokokin gini a 2007 da 2018, don haka tambayar shekarar da aka gina otal ko aka ƙarfafa shi ba tsegumi ba ce. Gobarar da ta kashe mutum 78 a wani otal na wurin wasan ƙanƙara a lardin Bolu a Janairun 2025 ta kuma tuna wa jama'a muhimmancin matakalar gudun gobara. Duba inda take a daren farko ba zai ɗauki minti biyu ba.

Kuɗi da doka

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma shaidar masauki tana cikin takardun da ake nema. Don haka ya fi aminci a kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, har sai biza ta fito.

Saboda faɗuwar darajar lira, otal-otal da yawa suna sa farashi da yuro. A tabbatar da kuɗin da za a biya da shi, da ko an haɗa harajin kwana da aka fara karɓa a 2023, a kuma tuntuɓi banki kan iyakar abin da kati zai iya biya a waje. Tun 2017 wata kotu ta hana shafin Booking.com sayar da ɗakunan Turkiyya ga wanda ke cikin ƙasar, saboda haka mai shirin ƙara kwana ko sauya otal bayan ya isa sai ya yi magana da otal ɗin kai-tsaye ko ya nemi wata hanya.

Masu son hayar gida maimakon otal, tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen da ake bayarwa haya na kwana 100 ko ƙasa da haka su sami izinin ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido. A nemi lambar izinin kafin a tura ko sisi.

Ranakun hutun wuraren ma suna shafar tsari: fadar Topkapi tana rufe ranar Talata, fadar Dolmabahce ranar Litinin, Kapali Carsi kuma ranar Lahadi. Wanda ke da mako guda zai iya raba shi gida biyu, kwana uku a tsohon birni don masallatai da kasuwa, sauran a Uskudar ko Sisli. Ɗaukar jaka sau ɗaya a tsakiyar mako ya fi ƙetare birnin sau biyu kowace rana.