Dokar Ba Sani Ba Sabo A Makarantun Amurka

A shekara ta 1994 Majalisar Amurka ta kafa wata doka, cewa duk jihar da ke karɓar kuɗin ilmi daga Gwamnatin Tarayya, lalle ta kori ɗan makarantar da ya zo da bindiga, korar da ba ta kasa shekara guda ba. Wannan dai ba mu ga mai jayayya da shi ba. Har ma dokar ta bar wa shugaban makarantun gunduma ikon sassautawa in ya ga dalili.

To, amma hukumomin makarantu ba su tsaya nan ba, balle bayan ta'asar makarantar Kolombayin a 1999, inda 'yan makaranta biyu suka harbe 'yan'uwansu 12 da malami ɗaya. Tsoro ya kama kowa. Aka yi ta ƙara laifuffuka: wuƙa, ƙwaya, faɗa, har tsiwa ga malami, kowanne da hukuncinsa a rubuce, ba tambayar dalili, ba duban ƙuruciya. A 2009, a jihar Dilawa, an yanke wa wani yaro ɗan shekara 6 kwana 45 a makarantar horo, domin ya zo da cokali mai haɗe da 'yar wuƙa zai ci abinci. Sai da jama'a suka yi ca, sa'an nan aka janye.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne binciken jihar Tekzas na 2011. An bi sawun yara kusan miliyan ɗaya, aka tarar wajen kashi 60 cikin 100 an taɓa dakatar da su ko korarsu a sakandare, alhali kashi 3 kaɗai na hukuncin ne dokar jiha ta wajabta. Saura duk ganin damar makaranta ne, kuma ya fi faɗa wa yaran baƙar fata. Wanda aka dakatar kuwa ya fi saurin maimaita aji, ko barin karatu, ko shiga hannun alƙali. Tun 2008 ma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce ba ta ga shaidar tsananin ya ƙara wa makarantu lafiya ba.

Wannan ya sa waɗansu suka sake dabara. Hukumar makarantun Los Anjalis ta hana dakatar da yaro saboda taurin kai kawai a 2013. Waɗansu suka ɗauki hanyar sulhu, watau a zaunar da mai laifi da wanda aka ɓata wa, kowa ya faɗi nasa, a shirya yadda za a gyara ɓarnar, yaro kuma yana cikin ajinsa. A ganinmu wannan ya fi kama da tarbiyya. Sai dai aiki ne mai cin lokacin malami, ba ya kuwa warkar da kome da kome. A birnin Fitsbag, binciken 2018 ya nuna dakatarwa ta ragu, malamai sun ce zama ya gyaru, amma sakamakon jarrabawa bai ƙaru ba, na 'yan aji 6 zuwa 8 ma baya ya ja.