Koyon Faransanci da Larabci ta waya: abin da muka gani a Fakku

A Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe a kudancin jihar Sakkwato, da yawanmu ba mu da wayar kanmu. Ta yaya ko ta baba muke ara bayan sallar isha'i, mu nemi inda sabis ya fi ƙarfi, mu zauna mu uku ko huɗu a kan allo ɗaya. A haka wasunmu suka fara koyon Faransanci, wasu kuma suke ƙara wa Larabcinsu na Islamiyya ƙarfi. Mun ga amfanin abin, mun kuma sha wahalarsa, shi ya sa muke son 'yan uwanmu ɗalibai su san duka biyun kafin su zuba kuɗin data.

Waɗannan harsuna biyu ba baƙi ba ne a wurinmu. Daga Illela mutum zai tsallaka Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, inda a 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu Faransanci na cikin harsunan aiki. Ana rubuta Faransanci da Larabci a jarrabawar WAEC da NECO, ana kuma karanta su a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Gwamnatin Tarayya ma tana da cibiyar koyon Faransanci a Badagry da ta Larabci a Ngala ta jihar Borno. Matsalar ita ce ba kowace makarantar karkara ke da malamin Faransanci ba, kuma nan ne waya ta shigo.

Abin da muka fi amfana da shi shi ne sauraro. A littafi, kalmar Faransanci tana da haruffan da ba a furtawa, sai ka ji ta a bakin mai harshen kafin ka gane. Gidan rediyon RFI yana da labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci, tashar TV5Monde kuma tana da darussa kyauta. Dabararmu ita ce mu fara jin labaran ranar a sashen Hausa, sannan mu saurari na Faransanci. Tunda mun riga mun san zancen, kunne sai ya riƙa tsintar kalmomi.

Manhajar Duolingo, wadda ta fito a 2012, tana da daɗin amfani domin kamar wasa take. Sai dai ba ta koyarwa daga Hausa; da Turanci za ka bi ka shiga Faransanci ko Larabci. Wanda Turancinsa ke da rauni, kaya biyu ya ɗauka a lokaci guda. Mun lura kuma mutum zai iya tara maki na makonni amma ya kasa haɗa jimla uku da bakinsa, domin danna amsa daban, magana daban.

Masu Larabci sun gamu da tasu matsalar. Bidiyoyi da yawa a YouTube da TikTok da karin Masar ko na ƙasashen Tekun Fasha ake yin su, alhali Larabcin fusha ake tambaya a jarrabawa. Kafin ka bi wani malami a intanet, ka tabbatar wanne yake koyarwa.

Akwai kuma jarabar fassara. Tun 2013 Google Translate ke da Hausa, kuma yana taimakawa wajen duba kalma. Laifin namu ne da muka taɓa rubuta insha'i gaba ɗaya da Hausa, muka juya shi da waya, muka miƙa. Malam bai yi faɗa ba, sai ya ce kowa ya tashi ya bayyana jimlar farko ta abin da ya rubuta. Babu wanda ya iya. A zauren jarrabawa kuma ba a shiga da waya.

Wani abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne Hausarmu tana taimakonmu. Mun saba da namiji da mace a cikin kalmomi, abin da ke rikita mai Turanci zalla. Sai dai a kiyaye: rana mace ce a Hausa da Larabci, amma namiji a Faransanci, wata kuwa namiji ne a wurinmu da Larabawa, mace a wurin Faransawa. Kalmomi irin su alƙalami, Talata da Alhamis daga Larabci muka same su, kamar yadda Hausawan Nijar suka samo lakwal, wato makaranta, daga Faransanci.

Sabis da kuɗi su ne babban cikas. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, a farkon 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Saboda haka duk wanda ya je Tambuwal ko Jega ya sami sabis mai kyau, sai ya sauke darussan murya, domin sun fi bidiyo sauƙin data, ya dawo mu tura wa juna ta Xender ko Bluetooth. Kowace sabuwar kalma kuma muna rubuta ta a littafi, don ko an karɓe waya karatu bai tafi ba.

A ƙarshe, a yi hattara da baƙin da ke neman "abokin hira" a zaurukan WhatsApp ko Facebook. Kada a ba kowa hoto, adireshi ko lambar sirri, kada kuma a biya kuɗi don alƙawarin gurbin karatu a waje ba tare da an nuna wa malami ko iyaye ba.

Shawararmu ga mai son farawa: ka zaɓi harshe ɗaya, ka ware minti 20 kullum, ka sami aboki ɗaya da za ku riƙa gaisawa da hira da harshen a hanyar makaranta. Ranar Juma'a ku kai wa malami abin da kuka rubuta ya duba.